Na wanke wa kifayen gilashina ruwa tas, amma sai mutuwa suke yi: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce na sayo wa yara akwatin kifi na gilashi, tsawonsa santimita 60, faɗi da zurfi 30-30. Mai sayarwar ya haɗa mini da kifin zinare 5, gupi 8 da enjel 2, duk na zuba su rana ɗaya. Bayan mako guda ruwan ya yi fari-fari, sai na kwashe kifayen a bokiti, na wanke gilashin da tsakuwar da soson filta da sabulu, na cika da sabon ruwan burtsatse. Kwana uku ruwan ya sake yin fari, na sake wankewa. Yanzu enjel biyun da gupi uku sun mutu, sauran suna taruwa a saman ruwa suna haki, ga wasu fararen ɗige-ɗige kamar gishiri a wutsiyar kifin zinaren. An ce in fasa kafso in zuba musu. Ga sanyin hunturu, ga wuta ba ta zama. Me zan yi?" Wani mai karatu daga Gyallesu, Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kyauta, ya tsare sauran. Ka yi bayani dalla-dalla, kuma hakan ya sauƙaƙa mini aiki. In na fahimce ka, sabon akwati ne da aka cika da kifi 15 a rana guda, aka wanke shi da sabulu sau biyu cikin makonni uku, a tsakiyar hunturu, sannan haki da mutuwa da fararen ɗigo suka biyo baya. Kana neman maganin da za ka zuba. Ni kuwa a ganina ruwan ne ya fara lalacewa, cutar daga baya ta samu ƙofa, kuma duk maganin da aka zuba ba a gyara ruwan ba asarar kuɗi ne da asarar kifi. Ban ga akwatin da idona ba, ban kuma auna ruwansa ba, don haka abin da zan faɗa hukunci ne a kan alamun da ka zayyana. Sai dai alamu ne da nake yawan gani a gidajen da ake kirana, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kafin komai: kada ka zuba kafson, kada kuma ka sake wanke akwatin da sabulu. Dalilin zai fito a ƙasa.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawansa ta jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, wanda da shi yake numfashi. Kashinsa da ragowar abincin da ya nutse su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A kogin Galma ko madatsar Kubanni yawan ruwa ya isa ya salance ta. A akwatinka babu inda za ta je. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi ka raba da 1000, za ka samu lita 54. In ka cire wurin tsakuwa da ratar da aka bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba, wato bai cika jarka biyu ta 'yan garuwa ba. Amoniya tana ƙona jan naman numfashin nan, ya kumbura, ya yi yauƙi, sai kifin ya kasa ɗaukar iska ko da akwai ta a ruwan. Shi ya sa yake hawowa sama yana buɗe baki.

Abin da ke ceton kifi a akwatin da ya zauna da gindinsa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Rukuni na farko, irin su *Nitrosomonas*, suna cin amoniya su mai da ita nitirayit. Nitirayit ma guba ce: tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jan naman kunnen ya koma ruwan ƙasa. Rukuni na biyu, irin su *Nitrospira*, su ke mai da nitirayit ta zama nitiret, wadda ba ta da haɗari sosai sai ta taru da yawa, kuma ita ce muke ragewa da canjin ruwa na mako-mako. Waɗannan ƙwayoyin ba yawo suke yi a cikin ruwa ba, manne suke a jikin soson filta (na'urar da ke tace ruwan akwatin) da tsakuwa da gilashi. Launin ƙasa-ƙasan da ka gani a jikin soso, wanda ido ke ɗauka datti ne, a nan suke zaune. Kuma suna da jinkirin yaɗuwa ƙwarai: sukan ɗauki kusan yini guda kafin adadinsu ya ninka, shi ya sa sabon akwati ke buƙatar makonni 4 zuwa 6 kafin su wadata, in da sanyi ma ya fi haka.

Farin da ruwanka ya yi bayan mako guda wasu bakteriya ne daban, masu saurin hayayyafa, da suka samu ragowar abinci suka cika ruwan. Wannan abu ne da kusan kowane sabon akwati ke yi, kuma da an rage abinci an ƙyale shi da ya washe da kansa cikin kwanaki. Wankin da aka yi ya kawar da farin na kwana biyu, amma ya tafi da 'yan ƙwayoyin kirkin da suka fara kafuwa, akwatin ya koma ranar farko alhali kifi 15 suna ta zuba amoniya. Wanki na biyu ya sake mai da shi baya. Ga kuma sabulun kansa: ɗan abin da ya maƙale a tsakuwa ko soso yana wanke yauƙin da ke jikin kifi, kuma yauƙin nan shi ne garkuwarsa ta farko daga ƙwayoyin cuta. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, kowa ma in ya ga ruwa ya yi fari wanki ne zai fara zuwa masa a rai. Amma ruwa na iya zama garau a ido yana ɗauke da amoniyar da za ta kashe kifi, don ba ta da launi.

Akwai kuma abin da ke sa mu nan ƙasar muke yawan faɗawa wannan ramin. Kifin da muka sani da kiwo tarwada ce. Mai kiwon tarwada a tankin roba ko na siminti yakan zubar da ruwa kusan duka ya cika sabo, kifinsa kuma ya ci gaba da girma. Tarwada tana da wata gaɓa a saman jan naman kunnenta da take shaƙar iskar sarari kai tsaye da ita, kuma tana da jurewa ruwa maras kyau fiye da yawancin kifaye. Enjel, wanda asalinsa daga kogunan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ban yi mamakin jin yana cikin waɗanda suka fara mutuwa ba. Yawancin shawarar da za ka ji a bakin mutane shawarar tarwada ce, ka riƙa tace ta kafin ka ɗauka.

Fararen ɗigon

Yadda ka kwatanta su, ƙanana, a warwatse, kowane ɗigo a ware, ya yi daidai da cutar farin ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai suna *Ichthyophthirius multifiliis* ke haddasawa. Yawanci tana shigowa ne tare da sabon kifi daga wurin mai sayarwa, ta yi lamo, sai kifin ya raunana da gurɓataccen ruwa ko sauyin zafi da sanyi sannan ta bayyana.

Sanin yadda take rayuwa shi ne rabin maganinta. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifin tana ci, kuma a wannan matakin babu maganin da ke isa gare ta. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta da kumfa a jikin tsakuwa, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su ne ke fashewa su fito suna iyo suna neman kifi, kuma a wannan ɗan lokacin kaɗai ake iya kashe su. In ruwa yana kusa da digiri 25, zagayen kan cika cikin ƙasa da mako guda; in ruwan ya yi sanyi yakan ja makonni. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, ɓacewar ɗigo daga jikin kifi ba warkewa ba ce, ƙwayar ta sauka ne ta hayayyafa. Mutane da yawa a nan suke dakatar da magani, bayan kwanaki ɗigon ya dawo ninki. Ka kuma sani tana kama jan naman numfashi, inda ido ba ya gani, don haka tana iya zama tana ƙara wa hakin da amoniya ta fara.

Abin da za ka yi daga yau

Dakatar da abinci na kwana biyu cur. Kifi mai lafiya yana iya kwanaki ba ci, kuma ba abin da zai same shi, kuma duk ƙwayar abincin da ta shiga ruwan amoniya ce ta gobe. Bayan nan ka riƙa ba su sau ɗaya a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu. Ka ɗauke robar abincin daga inda hannun yara zai kai. A yawancin gidajen da na shiga, uba ya ba su da safe, uwa ta ba su da rana, kowane yaro ya dawo daga makaranta ko Islamiyya ya barbaɗa nasa, wani ma har da gutsuren burodi. Kifin zinare ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, kullum a shirye yake ya ci, kuma tasowar da yake yi in ya ga mutum ba alamar yunwa ba ce. Ka ware yaro ɗaya ya zama shi ke bayarwa a gabanka. Abincin tarwada ma bai dace da su ba, furotin da maiƙonsa sun yi yawa, yana saurin ɓata ƙaramin ruwa.

Sai canjin ruwa, amma ba irin na da ba. Kifayen su zauna a cikin akwatinsu, kada a kwashe su. Ka sa siririn tiyo ka zuƙe kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin ruwan, kana bi da bakin tiyon cikin tsakuwa don ya kwashe kashi da ragowar abinci, wanda kuma zai tafi da wasu daga ƙwayoyin farin ɗigon da suka sauka. Ka mayar da sabon ruwa a hankali, wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebi ruwan tun daren jiya ka ajiye shi a ɗakin da akwatin yake. Haka za ka yi kullum a makon farko, sannan kwana bibbiyu, har akwatin ya zauna. Bayan ya zauna, kashi ɗaya bisa huɗu a mako ya wadatar. Ka sayi bokiti da tiyo sababbi waɗanda ba za a taɓa yin wanki ko wanke-wanke da su ba.

Game da sabulun da wataƙila ya rage, waɗannan canje-canjen za su fitar da shi. Soson filta kuwa daga yau ba ya ganin sabulu, ba ya ganin ruwan famfo, ba a shanya shi a rana. In ya toshe har ruwa ya rage gudu, ka matsa shi sau biyu ko uku a cikin tsohon ruwan da ka zuƙo daga akwatin, ka mayar da shi da launinsa. In kana da aboki mai akwatin da ya daɗe kuma kifayensa lafiya lau, ka roƙi guntun tsohon sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda ka haɗa da naka. Wannan yana rage makonnin jira sosai.

Na uku gishiri, gishirin miya tsantsa wanda ba a haɗa shi da komai ba. Yana aiki biyu: yana tare nitirayit daga shiga jinin kifi, kuma in ya kai wani adadi yana kashe 'ya'yan farin ɗigo masu iyo. Ka fara da giram 1 a kowace lita, wato giram 45 a akwatinka, wajen ƙaramin cokali 8 a shafe. Ka narkar da shi a kofi tukuna, ka zuba kaɗan-kaɗan. Washegari ka ƙara irin wannan adadin, jibi ka sake ƙarawa, ya zama giram 3 a lita. Kifin zinare da gupi duk suna jure wannan. Ka riƙe shi haka kwana 10 zuwa 14, kuma aƙalla kwana biyar bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. Wajen lissafi ake kuskure: gishiri ba ya bin tururi, don haka in ruwa ya ragu da kansa ka cika da ruwa zalla, in kuwa kai ka zuƙe lita 20, sai ka sa wa sabuwar lita 20 ɗin gishirinta, giram 60. In lokaci ya cika ba sai ka yi komai ba, canjin ruwa na yau da kullum zai salance shi. Da a ce akwai tsirrai masu rai a ciki ko ƙananan kifaye marasa ɓawon jiki, da na ce ka tsaya a ƙasa da haka.

Na ce gishirin miya, ban ce kanwa ba. Na taɓa jin masu ba da wannan shawarar, kuma tana da haɗari ƙwarai. Akwai ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru yake hawa in ya ragu, kuma kanwa tana ɗaga shi sama. Amoniya iri biyu take zama a ruwa, mai guba da maras guba sosai, pH ne ke raba su. A digiri 25, in pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 5. A pH 9 ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Ɗan gutsuren kanwa a ruwan da ya riga ya cika da amoniya zai iya gamawa da kifayen kafin gari ya waye. Alif ɗin da ake sa wa ruwan rijiya don ya kwanta shi ma ba ya shiga akwatin kifi, yana tsamama ruwa yana kuma cutar da numfashinsu.

Duk wannan lalube ne in ba a auna ruwa ba. Ana sayar da kayan gwaji na amoniya, nitirayit, nitiret da pH, wasu na ɗigawa a kwalba, wasu na tsinken takarda. Na ɗigawar ya fi gaskiya. In ba ka samu a nan ba, masu sayar da kayan kifin ado a Kaduna, Kano ko Legas suna aikowa. Ka duba ranar lalacewarsa, ka ajiye shi inda zafi ba ya dukansa. Abin da ake nema shi ne amoniya sifili, nitirayit sifili, nitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Ranar da ka ga biyun farko sun tsaya a sifili mako guda, nitiret kuma tana hawa a hankali, akwatinka ya zauna. Shi pH, duk inda yake tsakanin 6.5 da 8 ka ƙyale shi. Tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi a yi ta juya shi da sinadarai.

Ruwan da muke da shi

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, wannan alheri ne, amma yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin, wani kuma da sinadarin ƙarfe, irin wanda ke barin ja-ja a gindin bokiti in ya kwana. Kwanan da na ce a bar shi ya yi yana magance yawancin wannan, in an sa masa famfon iska, wato ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa, ma ya fi. Ka tambaya ko ana zuba maganin tsaftace ruwa mai kulorin a tankin gidan, don mutane da yawa suna yi, musamman da damina. Ruwan famfo, ranar da ya zo, a ɗauka yana da kulorin, kuma kulorin yana kashe kifi da ƙwayoyin filta gaba ɗaya. A bar shi a buɗe yini da kwana, ko a sa masa ruwan maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. Rijiyar da ke kusa da salga kan zo da nitiret nata tun daga tushe, sai a gwada ta kafin a dogara da ita. Ruwan 'yan garuwa matsalarsa jarka ce, ba ka san abin da ta taɓa ɗauka ba. In ka ji ƙanshin kananzir ko mai, ko ka ga maiƙo yana kyalli a sama, kada ya shiga. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa, yawan sauya tushen ruwa shi ma wahala ne ga kifi.

Akwai wata guba da ba ta ruwa take shigowa ba, ta iska take zuwa, kuma ta kashe kifaye da yawa a gidajenmu ba a gane ba: maganin sauro. Na feshi, na kunnawa, da piya-piya, dukkansu ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, famfon iska kuma zuƙo iskar ɗakin yake yi yana tura ta cikin ruwan. In dole ne a yi feshi, a kashe famfon, a rufe akwatin ruf da leda da zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Haka man shafawa da muke yawaitawa da hunturu: a wanke hannu da ruwa zalla sosai kafin a tsoma shi.

Sanyi da ɗaukewar wuta

A Zariya da asubar Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya haye sosai. Ƙaramin ruwa irin naka yana bin wannan hawa da saukar, kuma ita ce ke karya garkuwar jikin kifi fiye da sanyin kansa. Kifin zinare, wanda aka fara kiwonsa a ƙasar Sin fiye da shekaru dubu da suka wuce, yana jin daɗin ruwa mai ɗan sanyi, digiri 18 zuwa 24. Gupi da enjel 'yan ƙasar zafi ne, suna son 24 zuwa 28. Tun farko bai kamata a haɗa maka su a akwati ɗaya ba, kuma babban kifin zinare in ya samu dama yana haɗiye ƙaramin gupi.

Ka sayi ma'aunin zafi na cikin ruwa, ba shi da tsada. In kana da sola ko inbata da za ta riƙe hita mai wat 50 dare da rana, ka saita ta a 25, za ta yi wa kowa daidai a lokacin jinya ta kuma hanzarta zagayen farin ɗigo. In wutar tana zuwa tana tafiya ne, hitar za ta ɗumama ruwan ya sake hucewa, wanda ya fi rashinta muni. A wannan halin gara ka matsar da akwatin daga taga da ƙofa, ka sa masa murfi, ka liƙa farin kwalin nan mai laushi da ake naɗe firji da shi a bayansa da gefunansa, da dare ka lulluɓe shi da bargo ka bar ɗan wurin iska. In sanyi ya tsananta, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi ka rufe ta ka bar ta tana yawo a ciki. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye. Ba hita, zagayen cutar zai yi jinkiri, sai ka ja gishirin zuwa makonni uku. Wasu kan ce a ɗaga zafi zuwa digiri 30 don kashe farin ɗigo. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin ruwa yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, amma wajen 7.5 kawai a digiri 30, kifayenka kuwa dama haki suke yi. Wannan lissafin zai dawo maka da bazara, lokacin da ruwan tankin sama ke zafi da rana. A Maris da Afrilu da sassafe ake ɗibar ruwan canji.

Iska ta fi hita muhimmanci a yanzu. Ƙwayoyin filta ma oksijin suke shaƙa, in ruwa ya daina ratsa su na sa'o'i da yawa sukan fara mutuwa. Akwai ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, wutar da yake ci kaɗan ce, kuma a wurina shi ne abu mafi amfani da mai akwatin kifi a garin nan zai mallaka. In ka haɗa shi da filtar soso, wadda iska ke tafiyar da ita, ka samu tacewa da iska a abu ɗaya ko babu wuta. Ka ɗora famfon sama da bakin ruwa, don in ya tsaya kada ruwa ya biyo tiyo ya koma cikinsa. Kafin ka samu, in wuta ta ɗauke ka ga suna haki, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubo shi daga sama na 'yan mintuna.

Maganar kafso

Kafson da ake nufi maganin kashe bakteriya ne, farin ɗigo kuwa ba bakteriya ba ce, ba zai taɓa ta ba. Abin da zai iya taɓawa su ne ƙwayoyin filtar da kake ƙoƙarin rayawa. Ga shi ba a san adadin da ya dace ba, ga ruwan da za a zubar a kwata ɗauke da maganin, wanda ke ƙara wa matsalar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ke damun asibitocinmu. Akwai magungunan farin ɗigo na musamman, masu shuɗi ko kore, suna aiki, amma shuɗin yana cutar da ƙwayoyin filta, sai a yi amfani da shi a wani mazubi daban. Masu sinadarin fomalin kuma suna rage oksijin. In gishiri ya cika kwanakinsa ɗigon bai ja baya ba, sai a koma kansu, a bi abin da aka rubuta a kwalbar daidai, kada kuma a haɗa magani biyu.

Maganar da ba za ta yi daɗi ba ita ce yawan kifin. Kifin zinare biyar sun fi ƙarfin lita 45 ko da komai ya daidaita. Yana girma ya kai santimita 15 zuwa 20, wasu nau'in ma su wuce, yana iya rayuwa sama da shekaru goma, kuma yana fitar da datti fiye da yawancin kifayen ado. Masu harkar kan ware wa na farko lita 75, kowane ƙari kuma wajen lita 40. Akwatinka ya fi dacewa da gupi zalla. Bayan sun warke, ko dai ka nemo wa kifin zinaren babban mazubi, ko tankin roba mai faɗi ne, ko ka ba wanda yake da wuri. Kada a sake su a rafi ko madatsa, kuma wanda ya mutu a cire shi nan take a binne.

In bayan mako guda da wannan tsarin hakin bai ragu ba, ko ka ga gyambo, ko fiffike yana zagwanyewa, ko wani farin gashi-gashi a jiki, ko ciki ya kumbura ɓawon jikin ya miƙe tsaye, to abin ya wuce a yi masa hukunci daga nesa. Akwai ƙwayoyin da ke kama jan naman numfashi waɗanda alamunsu ɗaya ne da na amoniya, sai an ɗan kankaro yauƙin kifin an duba a madubin likita ake rarrabe su. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi ne inda zan fara tambaya. Ka tafi da kifin da ransa, don wanda ya mutu yana saurin ruɓewa, ka riƙe ruwan akwatin daban a gora mai tsabta, da bayanin abin da ka zuba da ranakun da ka zuba. Kai ma ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka gama aikin akwatin, in kana da rauni a hannu kada ka tsoma shi.

Kada ka sayo sabon kifi don maye gurbin waɗanda suka mutu sai amoniya da nitirayit sun tsaya a sifili kuma an yi wata guda ba a ga ɗigo ba. In lokacin ya yi, biyu ko uku za ka ƙara a tashi ɗaya, kuma su fara yin makonni 2 zuwa 4 a wani mazubi daban kana lura da su kafin su shiga cikin sauran.